Da Turanci kaɗai Ummata take kiran sunana

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Ina fatan kowa yana lafiya. Don Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kada ki saka, saboda matan unguwarmu da yawa suna karanta shafinki, wasu ma a tsakar gidanmu suke karantawa da ƙarfi ana yi musu kitso. Masu sharhi kuma ina roƙonku ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Ba na neman a ce ban yi laifi ba. Na yi, kuma har yanzu ina cikinsa, shi ya sa na rubuto.

Ni ɗaliba ce, ina aji biyar a sakandare. Muna zaune a Ali Kazaure a nan Jos, ni da Ummata, mu biyu. Babana dillalin shanu ne, yana kai wa mahautan Abattoir, ya rasu tun ina firamare. Umma kitso take yi a gida, da shi ta riƙe mu. Ni ce 'yarta ta fari, ni kaɗai ce kuma, sannan sunan kakata ta wajen uba aka sa min. Wanda ya san gidan Fulani ya san abin da hakan yake nufi: ga kunyar 'yar fari, ga kunyar sunan suruka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. In za ta kira ni, “ke” take cewa. In tana magana da mutane, “'yar nan”. Ba ta kallon fuskata in muna magana, sai ta kalli kafaɗata ko abin da na riƙe. Duk unguwa ita take wa kitso, amma ni sai ta tura ni wajen Maman Tope, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da kayan masarufi, ita take min tun ina ƙarama. Na san ba ƙi ba ne. Nakan tarar da tsokar da ta fi laushi a ɓoye ƙarƙashin shinkafata, in ana sanyi kuma in farka in ga bargonta a kaina, ita tana lulluɓe da zani. Amma ba ta taɓa cewa ita ta yi ba, ni ma ban taɓa cewa na gani ba. Haka muka saba.

Bara Umma ta yi aure. Mutumin ɗan unguwarsu ne tun suna yara, ya daɗe a Ingila yana aiki a asibiti, har ya samu takardun zama. Matarsa ta rasu, ya zo gida hutu, aka daidaita, aka ɗaura, ya koma ya fara neman mata bizar da za ta bi shi. Abba nake ce masa. Ina so ku sani mutumin kirki ne, kada wani ya zage shi a sharhi. Tun farko har da ni ya yi niyyar nema wa bizar, amma dangin babana suka ƙi, yayan babana ya ce 'yar ƙaninsa ba za ta bar gabansu ba, kuma ba tare da yardarsu ba babu yadda za a yi. Aka yanke cewa in Umma ta tafi zan koma Laranto wajen kakata har in gama makaranta. Ina ɗaki ina goge kayan makarantata aka yi maganar a tsakar gida, ta taga na ji. Na tuna dutsen gugar ya bar tabo a hannun rigar, ina ta kallon tabon. Babu wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ce komai ba.

Aka fara haɗa abubuwan da ake buƙata: fasfo, takardar aure, hotunan biki, gwajin huhu. Duk aka samu. Abu ɗaya ya rage, jarrabawar Turanci, ta magana da baki, wadda dole mace ta ci kafin a ba ta bizar bin miji. Umma kuwa a firamare ta tsaya, Islamiyya ce ta yi nisa a ciki. Abba ya ce a ɗauko malami, ta ce ba za ta iya zama gaban namiji tana kwaɓa Turanci ba. Sai ya yi dariya ta waya ya ce, “To ga malama a gida. Ba ita take zuwa ta ɗaya a Turanci ba?” Ya turo bidiyoyi masu nuna yadda ake jarrabawar, ya ce in kalla in koya mata. Ni kaɗai na kalla, da abin kunne.

Kullum bayan la'asar, in masu kitso sun watse, sai mu zauna a baranda. Ita a kan 'yar kujerar ƙasa da masu kitso suke zama, ni a kan babbar kujerarta, ni ce baturen da yake jarrabawar. In tambaye ta sunanta, inda take zaune, abin da ta ci da safe. Tana amsawa a hankali, tana jujjuya tsinken kitso a hannunta. Wata rana muka zo kan tambayoyin iyali. Na tambaye ta da Turanci ko tana da yara, ta ce tana da 'ya ɗaya. Tambaya ta gaba ita ce mene ne sunanta. Wallahi Anti ban yi da wata manufa ba, haka tsarin yake. Sai da ta fita daga bakina na gane abin da na tambaya. Umma ta kalli tsinken, ta kalli ƙofa ko akwai mai shigowa. Sai ta ɗago ta kalle ni, ido cikin ido, ta faɗi sunana. A hankali ta faɗa, kamar shi ma wata kalmar Turanci ce da take tsoron kuskurewa.

Na zata in ranar ta zo zan yi kuka ko wani abu. Ban yi ba. Akwai wata kaza tana shan ruwa a robar wanke-wanke, ita na zuba wa ido. Sai Umma ta gyara ɗankwalinta ta ce da Hausa, “Ai Turanci ne, ba magana ba ce. Ci gaba.”

Daga ranar kullum sai na yi tambayar. Na riƙa ƙaro wasu ma da ba sa cikin bidiyon. Wane abinci 'yarki take so? Me take tsoro? Yaya halinta? Umma tana haɗa kalmomi da ƙyar tana ba ni amsa: 'yata tana son soyayyen dankali, ba ta son miyar kuka amma tana ci don kada in ji haushi, tana tsoron tsawa, in ranta ya ɓaci sai ta yi ta wanke abin da ba shi da datti. Anti, ban san ta san waɗannan abubuwan ba. Ashe duk shekarun nan da take kallon kafaɗata tana ganina? Wata rana ba tare da na tambaya ba ta ce, da Turancin nan nata mai tsalle-tsalle, 'yata tana da kirki, ina alfahari da ita. Tana gamawa ta tashi ta shiga kicin ta ce min, “Ke, ɗebo ruwa.”

Sai na fara lissafi a raina. In ta ci jarrabawar nan, barandar ta ƙare. Za ta tafi da Turancin da na koya mata, ta je ta yi wa wasu a can, ni kuma in koma Laranto inda kowa yake kiran sunana amma babu wanda ya san ina tsoron tsawa. Ban zauna na shirya komai ba. Ita ce ma ta buɗe ƙofar. Ana saura kaɗan ta tafi Abuja, inda ake jarrabawar, ta tambaye ni, “Ke, a can ɗin yaya ake yi? Me suka fi so?”

Na san amsar sarai. A bidiyon mutum biyu ake haɗawa a gaban mai jarrabawa, su yi ta hira da juna, wannan ta tambayi waccan, waccan ta tambayi wannan. So ake a ji kana magana, kana tambaya, kana sakin jiki, ko da kana kuskure. Umma kuma za ta iya, na riga na ji ta. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Turawa ba sa son surutu, Umma. Ki amsa a taƙaice, kalma ɗaya ko biyu. Kada ki kalli idonsa, rashin ladabi ne a wajensu. In an haɗa ki da wata, kada ki tambaye ta komai, za a ce haɗa baki kuke yi.” Ta ce, “In shi ya ce in tambaya fa?” Na ce, “Gwada ki yake yi.” Muryata ko rawa ba ta yi ba. Umma ta yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi, ta ce, “Ashe su ma sun san kunya. To ai da sauƙi.” Abin da na ɗora mata halinta ne dama, shi ya sa ya zauna daidai. A ranar na goge bidiyoyin, na ce wayar ce ta cika.

Ta je ta dawo, ta kawo min tuffa guda biyu a leda. Ina wanke kwanuka na ji tana ba Maman Tope labari. Wai da wata budurwar amarya aka haɗa su, yarinyar sai zuba take yi, tana ta tambayar Umma, in ta gama sai ta yi shiru tana jira, har tana taɓa ƙafar Umma ta ƙarƙashin tebur. Umma ta ce, “Ni dai na kama kaina. Yarinyar nan ta ba ni tausayi, ba a koya mata ba.” Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita.

Da sakamako ya fito, ba ta ci ba. Abba ne ya kira ya faɗa mata ta bidiyo. Ta kifa wayar a kan tabarma, muryarsa tana fitowa daga ƙasa yana cewa, “Ba komai, wallahi ba komai, mutane da yawa sai sun maimaita.” Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Kan nawa ne ya toshe. 'Yar nan ta yi iya ƙoƙarinta, ni ce ba na ɗauka.” Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Na jira in ji daɗi tun da abin da nake so ya faru, ban ji ba. Na jira in ji baƙin ciki, shi ma bai zo ba. Kamar lokacin da ƙafarka ta yi sanyi ƙalau da safe a hanyar makaranta, kana takawa amma ba ka jin ƙasa. Har yau haka nake.

Labari kuma ya bazu, kun san gidan kitso. Wata tana zama za ta ce, “Madam Landan, har yanzu jirgin bai cika ba ne?” Wata ta ce, “Ku bar ta, Allah ne ya ji kukanmu, wa zai riƙa mana shuku in ta tafi?” A yi ta dariya, Umma ma ta yi, amma ni ina ganin yadda hannunta yake tsayawa a tsakiyar tsaga kafin ya ci gaba. Akwai wata doguwar rigar sanyi mai ruwan toka da ta saya a 'yan gwanjo na Laranto don tafiyar. Da can kullum sai ta ɗaga ta ta kakkaɓe. Yanzu ta cire ta daga akwati ta cusa a bayan ƙofa, aka rataye buhun gawayi a kanta. Abincinta ya ragu. Zoben aurenta ya fara yi mata yawa, ta naɗa masa zare baƙi. Mutumin da ya dawo mata da dariya bayan shekaru, yanzu in wayarsa ta shigo sai ta bar ta ta yi ta ƙara har ta katse. Ni na yi wannan. Ni da take ɓoye wa tsoka.

Kuma abin kunyar shi ne mun ci gaba da zaman baranda, saboda Abba ya sake yi mata rajista. Na samu abin da nake so. Kullum ina tambaya, kullum tana faɗin sunana. Sai dai yanzu kanta a ƙasa take faɗa, kalma ɗaya, yadda na koya mata. Ta daina ƙara komai. Babu dankali, babu tsawa. Na lalata ma abin da na yi ƙaryar don shi. Wane irin mutum ne yake haka? Wace irin 'ya ce ni?

Satin da ya wuce na dawo daga makaranta da wuri, ruwa ya kore mu, na tarar tana waya a ɗaki. Ba ta ji shigowata ba saboda ƙarar ruwa a kwanon rufi. Na ji tana cewa, “In ban ci ba wannan karon, ka sauwaƙe min. Ba zan riƙe ka a can kai kaɗai kana jiran wadda ba za ta zo ba.” Abba ya ce, “Kada ki ƙara faɗin haka.” Amma shi bai san Umma kamar yadda na san ta ba. Ba ta faɗin magana sau biyu, kuma ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Takardar gwajin huhun ma ta kusa daina aiki, in ta wuce sai an koma farko, kuma na san ba za ta yarda a koma ba.

Kwana biyu bayan haka Maman Tope ta shigo da sauri, ko sallama ba ta gama ba. Ta ce da Hausarta ta Yarabawa, “Umma, kai ka zauna nan! 'Yar ƙanwata da ya tafi bara, na kira shi jiya. Ya ce wannan jarrabawa sai ka yi magana da yawa, sai ka tambaya, ka yi dariya ma. Wanda ya yi shiru shi ne ya faɗi. Wa ya ce maka ka rufe baki?” Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa. Na ji kunnuwana sun yi zafi, amma hannuna bai tsaya ba. Umma ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Wataƙila tasu daban ce. 'Yar nan ta kalli bidiyon da idonta, ta fi mu sani.” Maman Tope ta juyo ta ce, “Yarinya, haka ne?” Na ce, “Haka na gani.” Ta taɓe baki ta ce, “To, Allah ya kyauta,” ta fita tana gyara ɗaurin zaninta. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Ran Asabar da hantsi na tsefe kaina zan tafi wajen Maman Tope kitso kamar kullum. Na ɗauki ɗankwali, sai Umma ta ce, “Ke, zauna.” Ta nuna 'yar kujerar ƙasa. Na zata tambayoyi za mu yi, sai na ga ta ɗauko man kitso da tsinke ta zauna a bayana. Anti, ban taɓa jin hannunta a kaina ba tun da na yi wayo. Hannun yana da sanyi, yana warin man kaɗanya, kuma ba ya ja da zafi kamar na Maman Tope. Ƙananan kitso ta fara, siri-siri, irin wanda take wa mai tafiya mai nisa don ya daɗe bai tsufa ba. Ba a jin komai sai rediyon maƙwabta.

Can sai ta yi gyaran murya, ta tambaye ni da Turanci, mene ne sunanki? Ita take tambaya, ita da na ce kada ta taɓa tambaya. Na faɗa mata. Ta maimaita shi, a bayan kaina, ba na ganin fuskarta. Ta tambayi shekaruna, na faɗa. Ta tambayi abincin da nake so, na faɗa. Tambayoyin suna fita daidai, babu inda ta yi tuntuɓe. Sai ta gama layi ɗaya har ƙarshe, sannan ta haɗa wata tambayar da babu ita a kowane bidiyo, da kanta ta haɗa, kalma bayan kalma: kina so Ummanki ta tafi?

Ga dama ta zo har inda nake zaune. Abin da ya rage in buɗe baki in ce a'a, ba na so, kuma ga abin da na yi. Amma na sunkuyar da kai na ce, “Yes.” Hannunta ya tsaya a cikin gashina. Ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa a gefen ƙafata. Sai Umma ta ce da Hausa, a hankali, “Kalma ɗaya, kai a ƙasa. To, kin ci.” Ta ci gaba da kitso. Da ta gama, ta shafa min mai ta ce, “Tashi ki share gashin.”

Tun ranar nake juya maganar nan. Yaba min ta yi? Ko ta gane komai ne take jira in faɗa da bakina? Ko so take ta nuna min ita ma ta san amsar ƙarya in ta ji ta? Ba ta canza min ba, jiya ma na tarar da tsoka a ƙarƙashin shinkafata, na kasa ci, na kasa mayarwa.

Jarrabawar mako mai zuwa ce. In na yi shiru, za ta shiga ta sunkuyar da kai saboda ni na ce, ta faɗi, auren ya mutu, ta zauna tare da ni har abada tana ce min “ke”, tana ganin kanta ne ya toshe. In kuma zan gyara, babu yadda zan ce mata ta ɗaga kai ta yi tambaya ba tare da ta san da gangan na ɓatar da ita ba, bayan ta tsaya min a gaban Maman Tope. Sannan ta ci, na san za ta ci, ta ɗauko rigar nan daga bayan ƙofa ta tafi, abu na ƙarshe da za ta sani game da ni shi ne wannan. Na yi tunanin in faɗa mata da Turanci, tun da ta ce shi ba magana ba ne, amma ko a raina na fara haɗa jimlar sai ta tsaya a rabi.

Ku yi haƙuri na cika ku da surutu, ban saba magana mai tsawo haka ba. Yanzu ma an kusa kiran la'asar, mai kitso ta ƙarshe tana ɗaura ɗankwali, na ji Umma tana jawo 'yar kujerar zuwa baranda. Anti, iyayena da yayyena na wannan shafi, don Allah ku faɗa min. Me zan yi?